Ejensi ko kai tsaye: wa ke cin gumin wa?

Sadiya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na gama kwas ɗin VA (mai taimaka wa mutum da ayyukan ofis ta intanet) na cibiyar horo ta ALX, yanzu wata ejensi ta kira ni intabiyu ranar Alhamis. Za su haɗa ni da wani dillalin gidaje a Amurka, in riƙa duba masa imel, ina tsara masa kalanda daga nan gida. Amma yayana ya ce kada in soma, wai ejensi ɗan kamasho ne, yana zaune a inuwa yana cin gumin direba. Me kuke gani?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, yayanki bai yi ƙarya ba. Wata takwas na yi a hannun wata ejensi, ba zan kama suna ba. Dala 4 suke ba ni a awa. Rannan matar da nake wa aiki ta turo mini takardun kuɗin da ta kashe a wata, ta ce in jera mata su. Ina cikin jerawa sai ga rasiɗin ejensin: dala 11 take biya a kan kowace awa tawa. Ni da hannuna na shigar da shi jadawali. Wallahi shayin da ke gabana har ya huce ban taɓa ba.

Maman Ummi: To da ka bar su, nawa ka samu a watan farko?

Baban Khalifa: Wannan kuma wata magana ce.

Maman Ummi: Ita ce maganar ai! Ni ta Upwork na fara, dandalin neman aiki kai tsaye ta intanet. Kafin ka nemi aiki sai ka kashe Connects, wato tikitin neman aiki, kowanne senti 15, kuma aiki ɗaya kan lashe da yawa. Sabon shiga ba shi da wanda ya taɓa yabon aikinsa, ga 'yan Filifin da suka yi shekaru suna wannan sana'a, Turawa sun saba da su. Wata uku ina turawa, ko "mun gani" ban samu ba. Ejensi ce ta sa ni gaban kwastoma. Kuma kada a manta, su ma dandalin ba sadaka suke yi ba, Fiverr kashi 20 cikin 100 yake cirewa. Ko ta ina ka bi akwai mai la'ada.

Malam Habu: Ku ba ni dama in sa baki, ni da na tashi a kara. Ba wanda ke ƙin dillali. Baƙo ya zo da sa daga daji, bai san kowa ba, dillali ne zai saukar da shi, ya tsaya masa, in mai saye ya yi gardamar biya shi zai bi. Amma fa la'adarsa sau ɗaya ce, ranar da aka sallama, kuma a gaban kowa ake ƙirga ta. Abin da Baban Khalifa ya kawo dabam ne: la'ada ce ta kowace awa har illa masha Allahu, kuma an ɓoye masa yawanta. Ɓoyewar ce ta fi damuna.

Maman Ummi: Malam, da girmanka, amma ba su tsaya kan haɗawa kawai ba. Bara kwastomana ya rufe harkarsa ba zato, cikin sati biyu suka ba ni wani. Kuɗina kuma ranar da aka sa yake shiga asusuna na Payoneer, ko shi ya biya su ko bai biya ba.

Baban Khalifa: Taki ke nan. Tawa sai kwastoma ya biya tukuna. Sannan suka sa mini Time Doctor, yana ɗaukar hoton allona a kai a kai. In KEDCO suka ɗauke wuta, kafin in tashi janareta mintunan sun tafi a banza. Sallar Magariba ma sai na tsayar da agogo.

Jamilu: Tsayar da agogo don salla ai ba zalunci ba ne Yaya, awa ake biya. Ni abin da nake so Sadiya ta sani shi ne lokaci. Ƙarfe 9 na safe a New York ƙarfe 3 na yamma ne a nan lokacin sanyinsu, ƙarfe 2 lokacin zafi. Tashi sai 10 ko 11 na dare. In mutumin a Kalifoniya yake, ƙara awa uku. Da azumi a gaban laftof za ki sha ruwa.

Sadiya: Wannan zan iya. Amma sun ce akwai kuɗin rajista da na horo, dala 50.

Jamilu: Innalillahi. Shi ya kamata ki fara faɗa!

Maman Ummi: A nan kam na bar layinsu. Ejensin kirki a wurin kwastoma take cin abincinta, ba a aljihun mai neman aiki ba. Ko sisi ban biya tawa ba.

Malam Habu: Haka ma yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1997, ta tsara: kamfanin samar da aiki ba ya cajin ma'aikaci, sai in hukuma ta yi togaciya. 'Yata, kada ki tura ko kwabo.

Baban Khalifa: Kuma ko sun janye kuɗin, ki nemi wurin da aka rubuta abin da zai faru in kwastoma ya so ɗaukarki kai tsaye. Matar nan ta so ta ɗauke ni a dala 8, kowa ya ci riba, amma takardar da ta sa wa hannu ta ce sai ta biya su kuɗin fansa mai tsoka. Ta haƙura, ni kuma na tafi. Upwork ma yana da irin wannan sharaɗi, na shekara biyu.

Maman Ummi: Ka ga ke nan ba ejensi kaɗai ba ce.

Baban Khalifa: Amma shi Upwork ya rubuta abin da yake cirewa, ina gani da idona.

Sadiya: Shafi tara ne takardar yarjejeniyar da ejensin ta ba ni, duk Turancin lauyoyi. Anti, in turo miki ta gefe?

Maman Ummi: Turo, amma sai da safe zan duba. Uku saura minti biyar, kwastomana ya kusa hawa Zoom, ban ma sauya batir ba.