Gwajin manhaja da masu amfani: mutum nawa ne suka isa?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum. Idan an gama zanen manhaja a Figma (manhajar da ake zana fuskar manhajoji da ita), kuma abokan aiki duk sun duba sun ce ya yi, sai lallai an kirawo wasu daga waje sun gwada? In haka ne, mutum nawa, kuma yaya ake yi?

Mai Lura:
Wa alaikumus salam. Sai an kira su, ɗan'uwa. Wanda ya zana ya san mazaunin kowane maɓalli, ba zai ga inda baƙo zai yi tuntuɓe ba. Mutum biyar sun isa. A shekarar 2000 Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da manhaja, ya bayyana cewa biyar kan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin, daga nan kuwa maimaici za ka yi ta gani. Gara ka gwada da biyar, ka gyara, ka kira wasu biyar, har zagaye uku, da ka tara goma sha biyar a rana ɗaya.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen ba da aiki. In ka ce "shiga Saituna ka canza kalmar sirri", ka riga ka ba mai gwajin amsa. Ce masa: "Kana zargin wani ya san kalmar sirrinka, me za ka yi?" Ka roƙe shi ya riƙa faɗin abin da yake tunani a fili. In ya maƙale, kame bakinka, ko da kana jin kamar ka karɓe wayar. In ya ce "nan zan danna?", ka tambaye shi me yake zaton zai faru.

Alƙalami:
Malam, ƙari kaɗan. Biyar ɗin na gano matsala ne. In lissafi kake so, kamar daƙiƙa nawa aiki ke ci, sai mutum ashirin zuwa sama. Idan kuma masu amfanin kashi biyu ne, masu saye da masu sayarwa, kowane ɓangare da nasa gwajin.

Kada "ya yi kyau" ta ruɗe ka, kunya kan hana mutane kushe aiki a gaban mai shi. Kalli yatsansa: sau nawa ya koma baya, ina ya danna abin da ba ya dannuwa. Ya gwada a wayarsa, don a nan ƙanƙantar maɓalli ke bayyana. Google na ba da shawarar kada tsawo da faɗin wurin dannawa su gaza 48dp (dp ma'aunin girma ne a allon wayar Android). Tun farko ka shaida masa manhajar ake gwadawa, ba shi ba, ka kuma nemi izininsa kafin ka naɗi allon.