Wai da gaske saiwar tuffa tana kare kanta daga cutar ƙasa?

Mai Lambu Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da lambun lemo a bakin Binuwai. Duk inda tsohuwar bishiya ta mutu na sa sabon dashe a ramin, ba ya yin kirki: ganye ya yi rawaya, tsawo ya tsaya cak, in ka tumɓuke sai ka ga ƙananan saiwoyin sun yi baƙi sun ruɓe. Ƙanena da ke karatu a Ngaundere ya ce manoman tuffa a Amurka ma haka suke fama, kuma wai an gano wata saiwar tana tayar da ƙwayoyin halittarta ta yaƙi cutar, wata ba ta yi. Abin ya ɗaure mini kai. Saiwa ba ido ba kunne, ta yaya za ta san an kawo mata hari?

Malamar Kimiyya Marwa:
Wa alaikumus salam Malam. Ƙanenka bai yi ƙarya ba. A gonakin tuffa ana kiranta cutar sake dashe, kuma ba ƙwayar cuta ɗaya ke kawo ta ba, taron dangi ne a cikin ƙasa: Pythium, Rhizoctonia, Phytophthora, wani lokaci har da ƙananan tsutsotsin da ido ba ya gani masu huda saiwa. Sun taru sun yi yawa a gindin tsohuwar bishiya, sai ka kawo musu jaririn dashe.

Batun ƙwayoyin halitta kuwa, kowane ɗan sashe na bishiyar yana ɗauke da su duka, dubbai masu yawa, amma ba duka ke aiki a lokaci ɗaya ba. Wasu a kwance suke sai buƙata ta taso. A fatar saiwa akwai sunadaran da ke gane ɓurɓushin jikin fangas da zarar ya taɓa ta. Daga nan saƙo ya bazu ta sinadaran ethylene da jasmonic acid, ƙwayoyin da ke kwance su farka. Wasu su ƙera chitinase mai narkar da bangon fangas, wasu su ƙara lignin don bangon saiwar ya taurare, wasu su haɗa guba. Gubar da tuffa ke haɗawa ta dangin biphenyl ce, kamar aucuparin.

An iya bin diddigin wannan ne bayan an fitar da cikakken tsarin halittar tuffa a 2010, daga irin Golden Delicious. Masu bincike na ma'aikatar gona ta Amurka a Wenatchee, jihar Washington, sun sa wa saiwoyi Pythium ultimum da gangan, suna yanka suna auna waɗanne ƙwayoyi suka tashi bayan awa kaza. Abin da ya fi burge ni: gindi mai juriya irin G.935 da mai rauni irin B.9 duk suna da makamai. Bambancin yana wajen saurin tashi da ƙarfinsa a kwanakin farko. Kamar gida biyu ne, kowa da baka da kibiya, ɓarawo ya hauro katanga, wani maigidan ya farka nan take, wani sai an gama kwashe awaki.

Ɗan Kasuwa Njamena:
Malama Allah ya ƙara basira, amma ni dai ban ga abin da ya haɗa mu da tuffa ba. Wadda muke sayarwa a nan a kwali take zuwa daga ƙasashen waje. Bishiyar sanyi take so ta zubar da ganye ta huta, mu kuwa a Afrilu ko akuya neman inuwa take. Mutum ya yi tambaya a kan lemo, a ba shi sunan magani ya fesa mana.

Malamar Kimiyya Marwa:
Alhaji, feshin nan su ma sun yi shi shekara da shekaru. Hayaƙin methyl bromide suke turara wa ƙasa kafin dashe, sai yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kai ga hana shi saboda yana ɓata sararin samaniya. Wannan na cikin abin da ya sa aka koma neman gindi mai juriya. Kuma cututtukan nan ba na Turawa kaɗai ba ne. Pythium da Rhizoctonia su ne ke kayar mana da irin albasa da tumatir a wurin raino, inda za ka ga tsiro ya tsuke daga gindi ya kwanta.

Tsohon Mai Auren Itace:
Ɗana mai lambu, ni ban san sunayen nan na boko ba, amma duba jikin lemonka kusa da ƙasa. In yana fitar da ƙaro, ɓawon yana tsagewa, to ruwa ne ke kwana a gindinsa. Kada ka sake dasawa a tsohon rami, matsa gefe, ka tone tsofaffin saiwoyi ka ƙone. Ka yi masa tudu, ban ruwa ya zagaya daga nesa, kada ya taɓa kututture. Wurin auren ya kasance sama da ƙasa da kamar taƙi ɗaya, kada ka binne shi. Sannan in za ka sayi dashe, tambayi mai rainon a kan wane gindi ya yi auren. Lemon zaƙi da aka shuka daga ƙwallo shi ya fi saurin kamuwa. In ya ce bai sani ba, bar masa kayansa.

Mai Lambu Garwa:
Na gode Malama, na gode Baba. Ƙaron nan akwai shi a bishiya uku na layin da ke kusa da fadama. Waɗanda suka riga suka kamu fa, a kankare ɓawon ko a sare su?