Surfanin Miao: abin da masu sana'ar suka ba da shawara a kai

Masu surfanin ƙabilar Miao ta lardin Guizhou a ƙasar Sin, surfanin da aka sa cikin jerin al'adun gado na ƙasar a 2006, sun fi jan kunne kan zare. A salon garin Shidong, zaren siliki ɗaya ake tsagawa gida 8, wani lokaci har 16. Kafin a soma ɗinki sai a goga shi da ruwan yauƙin 'ya'yan itacen zaojiao. Idan aka tsallake wannan, zaren yakan yi gashi, ya tsinke, sheƙin ya mutu.

Zanen kuwa a takarda ake yanka shi, a manna a kan ƙyallen da aka ƙarfafa da wani a bayansa, a rufe takardar da ɗinki kurkusa. Jan zare da ƙarfi yana tattare ƙyallen. Sakin sa kuma yana barin takardar tana leƙowa.

Sun nanata cewa kada a sauya zane don son rai. Malam-buɗe-littafin da ke jikin rigunan ita ce uwar da tatsuniyarsu ta ce ta saka ƙwai 12, daga cikinsu kakan mutane ya fito. Da yake 'yan ƙabilar Miao sun daɗe ba su da rubutu, a tufa suka adana tarihinsu.

Wajen ajiyar ƙyallen da aka yi wa surfanin, a guji wanki, domin shuni yana zuba ya ɓata silikin. A nisanta shi da rana da laima, a shimfiɗa shi maimakon ratayewa.