Ina neman Hausar kalmomi huɗu kafin ranar Alhamis

Mai Shirin Adabi, Katsina: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan yi sharhin wani ƙagaggen labari na Amurka a rediyo. Marubucin yana yi wa jarrabawar makarantunsu ba'a, irin wadda dokar 2002 ta tilasta wa yara kowace shekara daga aji uku zuwa takwas, ya haɗa da tsoron cewa gwamnati na bibiyar kowa. Kalmomin da suka tsaya mini: "satire", "standardized test", "surveillance" da "paranoia". A taimaka.

Malamar Hausa, Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumus salam. Ta farko kada ka ce zambo. Zambo mutum ɗaya ake nufa, a siffanta shi yadda kowa zai gane, kamar yadda mawaƙan fada ke yi wa abokin hamayyar sarki. Habaici ya fi kusa, amma gugar zana ta fi ɗaukar tsari baki ɗaya. Ka ce labarin gugar zana, ka kawo misalin Gandun Dabbobi na Bala Abdullahi Funtua, za a gane.

Ɗan Kusugu, Daura: Ta biyu fa, daidaitacciyar jarrabawa, kamar daidaitacciyar Hausa.

Tsohon Jami'in Jarrabawa: A'a, ɗana. Mai sauraro zai ɗauka jarrabawa ce da aka gyara. Abu uku ke sa ta cancanci sunan: tambayoyi daga tsarin karatu guda, tsawon lokaci guda ga kowa, da hanyar ba da maki guda. Dubi ta JAMB: darussa huɗu, tambayoyi 180, 60 na Ingilishi, 40-40 na sauran, awa biyu, maki 400, kuma kwamfuta ke maki. Ta ƙarshen zango da malamin aji ke fitarwa ya kuma maka da kansa ba ta cikin wannan sahu. Jarrabawar bai-ɗaya ita ce ta tattara ukun. Kada kuma a ce canki-canka, wannan salon tambaya ne kawai, WAEC na da ɓangaren rubutu kuma ta bai-ɗaya ce.

Baba Mai Ƙamus, Rafindadi: Duk kun kauce. Jarrabawa Larabci ce. Muna da awo, muna da mudu. Na daɗe ina ba da shawarar awon mudu ɗaya. Manomi ma zai gane cewa da mudu ɗaya ake auna wa kowa.

Malamar Hausa: Allah ya gafarta Malam, in mun kori jarrabawa, littafi da alƙalami da lissafi ma sai su bi ta. Kuma mudu ba ɗaya ba ne ko a kasuwa, na wani gari ya fi na wani.

Baba Mai Ƙamus: 'Yata, matsalarku sai abin da gidajen rediyon waje suka faɗa da bakin Kano kuke karɓa. In Bakatsine ya ƙirƙiro kalma sai a ce ba ta zauna ba. Wa ya zaunar da ta wasu?

Ɗan Kusugu: In ana maganar asali, Baba, ai sai a bari Daura ta yanke hukunci.

Mai Shirin Adabi: Don Allah iyayena, saura biyu, kuma gobe zan miƙa rubutun.

Tsohon Jami'in Jarrabawa: Ta uku sa ido ce. Leƙen asiri a ɓoye ake yi, wannan kuwa ana so ka san ana kallonka: kyamara a zauren jarrabawa, dangwala yatsa a ƙofa, lambar NIN kafin rajistar JAMB tun 2021. Amma ka ce sa idon hukuma, don 'yan sa ido kawai magulmatan unguwa ne.

Malamar Hausa: Ta huɗun ce mai wuya. Waswasi kokwanto ne a cikin zuciya, kamar na alwala, ba ya buƙatar maƙiyi. Zargi kuma yana iya zama da hujja. Ɗar-ɗar tsoron abin da ke nan ne da gaske. Tsarguwa ce ke nuna mutumin da ke jin da shi ake, ko an yi tari ya waiwaya. Aibinta ɗaya, tana ɗauke da warin laifi, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, alhali mutumin labarin bai yi komai ba. Sai ka ce tsarguwa ba tare da laifi ba. Ka guji taɓin hankali, domin marubucin ya bar ƙofa a buɗe cewa wataƙila ana bibiyar tasa da gaske.

Mai Shirin Adabi: Na ɗauki gugar zana, jarrabawar bai-ɗaya da sa idon hukuma. Tsarguwa zan faɗe ta da jimlar bayani a karon farko. Baba, zan yi amfani da mudunka wajen bayyana bai-ɗaya.

Baba Mai Ƙamus: A matsayin misali ke nan, ba suna ba. To, na ji. Amma tsarguwar nan ban gamsu ba, a sake zama a kanta bayan shirin.