Neman kalmar Hausa: me za mu kira "camouflage" na jirgin yaƙi?

Mai Fassara: Salamu alaikum jama'a. Ina da shirin rediyo ranar Alhamis, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Shirin a kan masu zane ne da ke ɗauko jiragen yaƙin da aka tsara bayan Yaƙin Duniya na Biyu amma ba su taɓa tashi ba, su yi musu fenti kamar sun shiga aiki. Misali Hawker P.1121 na Ingila. An fara haɗa shi, sai takardar manufar tsaro ta 1957, wadda minista Duncan Sandys ya gabatar, ta fifita makamai masu linzami a kan jiragen da mutum ke tuƙawa, ba a jima ba aikin ya mutu. Zanen da ke gabana ya ba shi kore mai duhu da ruwan toka a gadon baya, sun shiga juna kamar taswira, cikinsa kuma ruwan azurfa, irin na jirgin yaƙin Ingila Hawker Hunter a wancan zamani. Wannan fentin shi ne camouflage. Me zan ce?

Uwar Biyu: Ɓad-da-kama mana. Kowa ya san ta.

Mai Fassara: Na gwada ta, Hajiya. Amma jirgin bai sauya kama ba, jirgi ne dai. So ake ido ya wuce shi.

Tsohon Soja: To sajewa ke nan. Kore da ƙasa-ƙasa ana shafa su a bayan jirgi ne domin wanda ke samansa ya gan shi ya saje da daji, ko yana ajiye a fili ko yana tafiya ƙasa-ƙasa. Ciki kuma a ba shi launi mai haske don na ƙasa ya gan shi ya saje da sararin sama. Haka Amurka ta yi a Biyetnam daga 1965: ruwan ƙasa, kore iri biyu, ciki toka mai haske. Ka ce fentin saje.

Malamin Nahawu: Da izininku. Fenti ba Hausa ba ce, saje kuma gashin kumatu ne a kunnen mutane da yawa. Muna da abinmu tun kaka da kakanni: shigar burtu. Na taɓa ganin maharbi a ƙauyenmu ya ɗaura kan burtu na itace a goshi, ya lulluɓa baƙin zane, ya sunkuya yana tafe yana kaɗa kai kamar mai kiwo, har ya isa kusa da naman daji ba su razana ba. Daga nan na ƙirƙiro burtuntaka. Tsarin launukan kuma a ce zubin burtuntaka.

Uwar Biyu: Malam, in aka ce burtuntaka a rediyo, wa zai gane?

Malamin Nahawu: Ranar da aka fara cewa jirgin sama ma ai wani bai gane ba. Kasala ce ke sa mu ari kalma alhali rumbunmu cike yake.

Tsohon Soja: Allah gafarta Malam, maharbi so yake a gan shi a ɗauka tsuntsu ne. Jirgi so yake kada a gan shi sam. Biyu ne.

Ɗan Maraɗi: Mu nan kamufulaji muke ji a bakin sojoji, kuma tana aiki. Kalmar ma ta Faransa ce asalinta, Ingilishi aro ya yi lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, bayan sojan Faransa sun kafa sashen masu wannan aiki a 1915. Bature ya ara bai ji kunya ba, mu ne za mu ji?

Malamin Nahawu: Ku dai kullum Faransanci ke bakinku.

Ɗan Maraɗi: Malam, hawainiyarka ta kiyayi ramata. Ƙirga kalmomin Ingilishi da ake faɗa a kasuwar Kano kafin azahar, sannan ka dawo mu yi magana. Hausarmu ba 'yar rakiya ba ce.

Uwar Biyu: Don Allah ku bari. Bawan Allah nan Alhamis yake jira.

Mai Fassara: Na gode, Hajiya. Ga wani abin da ya ƙara ɗaure mini kai. Akwai XF-108 Rapier na Amurka, wanda aka soke a watan Satumba na 1959, samfurinsa na katako kawai aka yi. An tsara shi ya ninka gudun sauti sau uku, can ƙololuwar sama, don tare jiragen bama-bamai. Wani mai zane ya yi masa launukan Biyetnam. Ya yi kyau ƙwarai, amma a can sama da wane daji zai saje?

Tsohon Soja: Ba zai saje da komai ba. Jiragen tarewa na Amurka a lokacin ko dai a bar su da ƙyallin ƙarfensu, ko a shafa musu toka bai ɗaya. Mai zanen ya ɗauka an sauya wa jirgin aiki ne an kai shi yaƙin daji. Sunan fentin bai canza ba don an shafa shi inda ba ya amfani, kamar yadda kakin soja yake kakin soja ko a gidan biki.

Mai Fassara: To ga abin da zan yi. Karon farko zan ce "fentin saje, wato launukan da ke sa jirgi ya saje da daji ko sama", daga nan in ci gaba da fentin saje. Inda ake maganar dabarar gaba ɗaya zan ce ɓad-da-kama.

Ɗan Maraɗi: Ba laifi, amma ka ambaci kamufulaji ko sau ɗaya saboda masu sauraro na wannan ɓangaren.

Malamin Nahawu: Ban gamsu ba. In dai dole ne, a ce launin saje, a cire fenti. Ni kuwa burtuntaka zan ci gaba da koya wa ɗalibaina.

Mai Fassara: Launin saje ya fi daɗin faɗa ma, na karɓa, Malam. Saura kalmar da zan kira jirgin da bai wuce takarda ba.