Intabiyu ranar Alhamis, a taimaka min da shawara

Nasiru: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani kamfanin fasaha a Legas, masu manhajar biyan kuɗi da na'urorin POS, sun kira ni intabiyu ranar Alhamis ƙarfe 11 na safe ta Google Meet. Aikin shi ne taimaka wa ma'aikatansu da ejan-ejan idan kwamfuta ko na'ura ta ƙi. Ni iyakacina shekara uku a shagon kawuna a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ina gyaran laftof da waya, sai hidimar ƙasa da na gama bara. Tun da na ga imel ɗin cikina ya ɗuri ruwa. Me suke tambaya ne don Allah?

Sadiq: Wa'alaikumus salam. Duk abin da suka tambaya ka ce a kashe a kunna. An gama.

Yaya Bashir: Sadiq, wasa kake, amma ka kusa da gaskiya. Nasiru, ni ina cikin masu yi wa mutane tambayoyi a wurin aikinmu, bari in faɗa maka abin da ke kayar da yaranmu. Muna cewa, "Wata ma'aikaciya ta kira ta ce intanet ba ya yi, ya za ka yi?" Kafin mu rufe baki yaro ya ce zai sake loda Windows. To ka ga ya faɗi ke nan. Ba amsa muke jira ba, tambaya muke jira daga gare ka. Ita kaɗai ce ko duk ofishin? Tun yaushe? Jiya yana yi? Kebul take amfani da shi ko Wi-Fi? Duk shafuka ne ba sa buɗewa ko guda ɗaya ne? Sau da dama matar da ta ce intanet ya mutu, imel ɗinta ne kawai ya ƙi buɗewa.

Bayan nan sai ka hau tsani daga ƙasa. Kebul a cuse yake, fitilar jikinsa na ƙiftawa? Ka buga ipconfig, umarnin da ke nuna adireshin kwamfutar a hanyar sadarwa. In ka ga adireshin ya fara da 169.254, kwamfutar ba ta samu adireshi daga DHCP, wato tsarin da ke raba wa na'urori adireshi, ba, ita ta laƙa wa kanta, don haka matsalar tana tsakaninta da rauta, na'urar da ke raba intanet. In adireshin lafiya, ka yi ping na rautar, wato ka aika mata ɗan saƙon gwaji ka ga ko za ta amsa. Ta amsa? Ka yi ping na 8.8.8.8, wani adireshin Google a intanet. In wannan ya amsa amma sunan shafi ya ƙi, matsalar DNS ce, tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshi, sai ka jawo nslookup, umarnin da ake gwada shi da shi. Ka riƙa faɗin abin da kake yi da dalilinsa da babbar murya. Mu ba ma ganin cikin kanka. Shirun da kake yi kana tunani, a wurinmu rashin sani ne.

Nasiru: Yaya Bashir Allah ya saka da alheri. Wannan 169 ɗin ina ganinsa a shago, ban taɓa sanin ma'anarsa ba wallahi.

Malam Auwal: Ka ƙara da lambobin ƙofofin sadarwa, don suna son jefa su kamar kacici-kacici: 80 da 443 na shafukan intanet, 53 na DNS, 22 na SSH (shiga wata kwamfuta daga nesa ta rubuta umarni), 3389 na shiga kwamfutar Windows daga nesa. Waɗannan sun ishe ka. Sannan in laftof ɗinka na da ƙarfi, ka sauke VirtualBox, manhajar da ke ba ka kwamfutar gwaji a cikin kwamfutarka, kyauta ne, ka ɗora Windows Server na gwaji wanda Microsoft ke bayarwa na kwana 180. Ka kafa Active Directory, tsarin da kamfanoni ke kula da asusun ma'aikatansu da shi, ka ƙirƙiri ma'aikaci na ƙarya, ka canja masa kalmar sirri, ka kulle shi ka buɗe shi.

Yaya Bashir: Malam, kwana uku fa ya rage masa. Kada a ɗora wa yaro kayan da ya fi ƙarfin wuyansa.

Malam Auwal: Dare ɗaya ne aikin, in akwai wuta. Kuma da ya ce "na karanta" gara ya ce "na gwada a gida". Kai ma ka san wanne ka fi so ka ji.

Yaya Bashir: Na sallama.

Anti Hadiza: Duk kun tafi kan na'ura kun bar mutum. Nasiru ƙanina, kamfanin POS ne fa. Wanda zai kira ka ba injiniya ba ne, mai shago ne a Sabon Gari ko Kantin Kwari, an ciri kuɗin kwastomansa naira 40,000, na'ura ta ce ciniki bai shiga ba, ga kwastoman a tsaye a kansa yana tara masa jama'a. Za su iya yi maka wannan wasan a intabiyun, ɗayansu ya zama ejan ɗin, ya yi ta zazzaga maka masifa. Kada ka katse shi. Ka bari ya amayar da abin da ke ransa, sannan ka maimaita masa matsalar da bakinka don ya san ka ji. Ka karɓi lambar cinikin da lokaci da adadin kuɗi. Ka buɗe masa tikiti, wato rajistar ƙorafinsa, ka ba shi lambar. Abin da ba za ka taɓa yi ba shi ne alkawari: "nan da awa ɗaya kuɗin zai dawo." Ba a hannunka yake ba, akwai banki a tsakani. Ka faɗa masa abin da za ka yi da lokacin da za ka sake kiransa, shi ke nan.

Kuma ka kiyayi tarkon kalmar sirri. Za su ce, "Wani ya kira ya ce shi ne shugaban kamfani, yana filin jirgi, ka canja masa yanzu-yanzu." Tarbiyyarmu ta girmama babba ita ke jefa yaranmu a rami a nan. Amsar ita ce sai ka tabbatar da ko shi wane ne ta hanyar da kamfani ya shimfiɗa, ko da zai yi fushi. A Satumba 2023 ta irin wannan kiran wayar zuwa sashen taimako aka samu ƙofar kutsa wa kamfanin otal-otal na MGM a Amurka, ayyukansu suka tsaya kwana da kwanaki. Nan gida ma akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Kada ka kuskura ka ce za ka tambayi wani lambar sirrin katinsa.

Sadiq: Anti, in oga ya kore shi fa?

Anti Hadiza: Ogan kirki ƙarin girma zai yi masa. Kai dai ka yi mana shiru.

Zainab: Ni tawa shawarar ba ta ilimi ba ce. Intabiyuna na farko, ina tsaka da bayani aka ɗauke wuta, rautar gida ta mutu, wayata kuma ba data. Kafin in saya in dawo an yi minti bakwai, na tarar saura mutum ɗaya a ɗakin yana duba agogo. Ban samu aikin ba, kuma ban ga laifinsu ba. Mai neman aikin gyara wa mutane intanet ya kasa tsare nasa na rabin awa? Ka cika laftof da waya taf tun dare. Ka sa data a layi biyu na kamfanoni daban. Ka nemi abin kunne mai waya, ba na Bluetooth ba. Ka fuskanci taga, kada ka juya mata baya, in ba haka ba inuwa za su gani. Ka shiga minti goma kafin lokaci. Ka roƙi mutanen gida su riƙe yara, a kuma ɗaure akuya nesa da taga.

Nasiru: Akuyar ce ma babbar matsalata Anti Zainab.

Zainab: Wani abu kuma, ni an tambaye ni wane labarin fasaha na bi kwanan nan. Na kawo na CrowdStrike, kamfanin tsaron kwamfuta, ranar 19 ga Yuli 2024, da sabuntawar manhajarsu guda ɗaya ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi. Gyaran na hannu ne, a shiga Safe Mode, yanayin gyara na Windows, a goge fayil ɗaya, kwamfuta bayan kwamfuta, kuma wadda aka kulle da BitLocker, makullin bayanai na Windows, sai an nemo mabuɗinta. Irin mu ne muka kwana a ofis. Kai tunda harkar biyan kuɗi ce, ka tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, manhajojin banki suka yi ta ƙi. Za ka iya cewa a irin wannan ranar aikinka shi ne ka gane matsalar ba ta na'urar ejan ba ce, kada ka sa shi ya yi ta cire batir a banza.

Nasiru: To batun satifiket fa? Ba ni da satifiket ɗin A+ na CompTIA, na gyaran kwamfuta, da suka rubuta a tallar aikin.

Malam Auwal: A+ jarrabawa biyu ce, kuma da dala ake biya, ba abin da za ka yi kafin Alhamis ba ne. Akwai darussanta kyauta a YouTube. Akwai kuma satifiket na Google a Coursera, shafin karatu ta intanet, da suka fito da shi a 2018, ana iya neman tallafin kuɗin karatu. In ka fara ko da darasi ɗaya ne, ka ce ka fara, amma kada ka ce ka gama. CCNA, jarrabawar Cisco ta hanyoyin sadarwa, ka bar ta sai ka zauna a aiki.

Yaya Bashir: Ni a nan ba na tare da masu ɗaukaka takarda. Sun ga takardunka babu A+ kuma suka kira ka, to wani abu suka gani. Shekara uku a Farm Centre ba wasa ba ce. Ka shirya labari biyu na gaske: gyaran da ya ba ka wahala ka ci nasara, da wanda ka yi kuskure. Na biyun ya fi muhimmanci. Kuma in aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ga inda za ka duba, ga wanda za ka miƙa wa. Mai kame-kame a intabiyu shi ne zai goge bayanan mutane ya ɓoye.

Anti Hadiza: Ka kuma faɗa musu kana jin Hausa, kada ka ɗauka sun sani. Ejan ɗinsu na Arewa da yawa sun fi sakewa da Hausa a waya, wannan jari ne a hannunka. In suka ce kana da tambaya, kada ka ce babu. Ka tambayi tsarin aikin dare da na ƙarshen mako, da lokacin sallar Juma'a. Ka tambaya su ne za su ɗauke ka ko wani kamfanin kwangila. Albashin da za su faɗa, ka ji kafin cire haraji ne ko bayan, don fansho kaɗai kashi 8 ake cira daga naka, su sa kashi 10. In kuwa wani ya ce ka turo kuɗin fom ko na horo, ka toshe lambarsa.

Nasiru: Jama'a an yi intabiyun, alhamdu lillahi. Minti 40. Tambayar intanet ta fito sak yadda Yaya Bashir ya faɗa, har matar da ke cikin masu tambayar ta yi murmushi da na ce ita kaɗai ce ko duk ofis. Ta oga da kalmar sirri ma ta fito. Sun tambaye ni wani abu kan Zendesk, manhajar karɓar ƙorafin kwastomomi, na ce ban taɓa aiki da shi ba. Sai ɗayan ya ce ejan a Gusau ya canja takardar rasit, na'ura na turo takarda fara fat ba rubutu. Na ce a baibai ya sa ta, don irin takardar nan zafi ke mata rubutu ba tawada ba, kuma fuska ɗaya ce ke kamawa. Ya karce ta da farce, ɓangaren da ya yi baƙi shi ne zai kalli kan bugawa. Sai mutumin ya ce in maimaita da Hausa kamar ejan ɗin nake wa magana. Sun ce in dawo zagaye na biyu ranar Talata, da shugaban sashen.

Malam Auwal: Barka. Active Directory fa?

Nasiru: Ko ambatonsa ba su yi ba Malam, bayan na kwana biyu a kansa.

Malam Auwal: Talata na nan zuwa. Kada ka goge.

Sadiq: Ni dai a tanadi kuɗin tsirena. Akuyar ta yi kuka?

Nasiru: Sau biyu. Sun ɗauka ta maƙwabta ce.