Muhawara a zauren 'yan gida: a tara jiragen sama a layi ɗaya, ko a rarraba su?

Auta: Assalamu alaikum. Kawu, maganar da ka yi ce ta tsaya mini a rai, shi ya sa na kawo ta zaure kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Ka ce idan hukuma ta canza hanyar jiragen sama ta ɗora su duka a siririn layi guda, gari ne ya ci riba, masu ƙorafi kuma son kai ne kawai ke damunsu. Ni dai ban gamsu ba.

Kawu: Wa alaikumus salam. Na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. A da jirgi yana bin na'urorin rediyo da aka kakkafa a ƙasa ne, tare da umarnin mai hasumiya, wato jami'in da ke ba jirage hanya daga filin jirgi. Wannan matuƙi ya karya kwana a nan, wancan ya karya a can, sai jirage su bazu a saman gari, kowace unguwa ta samu rabonta. Yanzu tauraron ɗan'adam ne ke yi musu jagora, kwamfutar jirgi tana bin layin da aka zana mata ba ta kaucewa. Hanya ta gajarta, mai ya ragu, hayaƙi ya ragu, mai hasumiya ya san inda kowane jirgi zai bi. Mutanen da jirgi ke ratsa samansu ma sun ragu. Ina laifin wannan?

Yaya Babba: Kawu, Allah ya ƙara girma, abin da hukumar jiragen saman Amurka, FAA, ta faɗa ke nan lokacin da ta canza hanyoyin filin Sky Harbor na birnin Phoenix a jihar Arizona ranar 18 ga Satumba, 2014. Shekara da shekaru jiragen da ke tashi ta yamma suna bi ta saman masana'antu da gonaki kafin su juya. Rana guda aka wayi gari suna karya kwana da wuri, ta saman tsofaffin unguwanni da wuraren shaƙatawa. Zirga-zirgar jirage a saman waɗannan wurare ta ƙaru da kashi 300 cikin 100. Ƙorafin da filin ya samu a mako biyun farko ya fi na shekarar da ta gabata gaba ɗayanta.

Kawu: Ƙorafi ba hujja ba ne, ɗana. A 2015 filin Reagan na Washington ya samu ƙorafi 8,760 a kan ƙarar jirgi, 6,852 daga ciki daga gida ɗaya suka fito. Gida ɗaya! Idan da yawan ƙorafi za a tafiyar da sararin sama, mutum biyu masu waya da lokaci sun isa su tsayar da ƙasa.

Yaya Babba: Na Phoenix ba gida ɗaya ba ne. Hukumar birnin ce da kanta ta kai FAA kotu a 2015, ƙungiyoyin unguwanni suka biyo baya. A watan Agustan 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Washington ta yanke cewa hukumar ta yi gaban kanta ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Abin da ya fi ba ni mamaki a shari'ar shi ne wanda aka tuntuɓa kafin a yi canjin: wani ƙaramin ma'aikaci a sashen jiragen sama na birnin. Ba a zauna da manyan gari ba, balle mutanen unguwa. A 2018 aka mayar da hanyoyin yamma kusa da yadda suke a da.

Gwaggo: Ku dai 'yan boko ba kwa rasa abin musu. Mu nan Kurna jirgi muka tashi muka gani. Lokacin jigilar alhazai har tsakar dare suke wucewa, kwanon rufi na amsawa, kuma barcinmu muke yi. Turawa ne dai hutu ya yi musu yawa.

Anti Likita: Gwaggo, ki yi haƙuri, sabo da lafiya ba ɗaya ba ne. Mutum zai rantse bai farka ba, amma idan an sa masa na'ura za a ga bugun zuciyarsa ya tashi, jininsa ya ɗan hau, barcinsa mai nauyi ya koma mara nauyi, duk lokacin da jirgi ya wuce. Kunne ba ya rufewa da dare. A 2013 mujallar likitoci ta BMJ ta buga binciken da aka yi a kan mutum miliyan 3.6 da ke kewayen filin Heathrow na Landan. Unguwannin da ƙara ta fi yawa an samu ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki sun fi yawa a cikinsu, da kashi 10 zuwa 20 cikin 100.

Kawu: Waɗannan unguwanni ai talakawa da baƙi sun fi yawa a cikinsu, 'yata. Abincinsu daban, aikinsu daban. Wa ya ce jirgi ne?

Anti Likita: Masu binciken sun yi la'akari da talauci da asalin mutane, kuma su da kansu ba su ce sun kama jirgi dumu-dumu ba. Amma akwai wanda ya fi wannan ƙarfi, kuma kai tsaye ya shafi maganarmu. A 1992 birnin Munich na Jamus ya rufe tsohon filinsa ya buɗe sabo a wani wuri. Masana suka gwada yara 'yan makaranta a wuraren biyu, kafin ƙaura da bayanta. Yaran da ke kusa da tsohon fili, karatunsu da haddarsu suka gyaru bayan jirage sun tafi. Yaran da ke kusa da sabon fili, nasu suka ja baya. Yaran nan ba su canza iyaye ba, ba su canza abinci ba, jirgi ne kawai ya canza hanya.

Kawu: To ai kin ba ni hujja. Idan ƙara cuta ce, sai a rage yawan waɗanda take samu. Siririn layi ke nan.

Auta: A nan ne fa na kasa bin ka, Kawu. Ruwan sama idan ya sauka a faɗin tsakar gida ƙasa shanye shi take yi. Idan aka tara na dukkan rufin gida a indararo ɗaya aka saita shi katangar maƙwabci, ruwan bai ƙaru ba, amma katanga za ta faɗi. Wanda a da jirgi goma ke wuce shi a yini, yanzu ɗari ne, ɗaya bayan ɗaya, daga asuba. Waɗanda aka ɗauke wa goman nan da yawansu ba su ma san an yi musu alheri ba.

Yaya Babba: Kuma lissafin hukuma ba ya ganin wannan. Ma'aunin Amurka desibel 65 ne, wato awon ƙarfin ƙara, amma matsakaicin awa 24 ake ɗauka, a ƙara wa jiragen dare desibel 10. Duk wanda ke ƙasa da 65 a takarda ba shi da babbar matsala. To unguwa tana iya shan jirgi kowane minti biyu ko uku da safe, idan aka haɗa da awannin shiru aka raba, sai ta faɗo ƙasa da 65. Da irin wannan lissafi aka ce canjin Phoenix bai kai a yi masa cikakken binciken muhalli ba.

Anti Likita: Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa a 2018 desibel 45 ta ba ƙasashen Turai shawara a kan ƙarar jirgi, da dare 40. Yadda ake lissafin biyun ya ɗan bambanta, amma tazarar ba ƙarama ba ce.

Kawu: Idan aka bi 45 ɗin nan rabin manyan filayen duniya rufe su za a yi. Masu ba da shawara ba su ne ke saukar da jirgi ba.

Baffa Malam: Bari in sa baki. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce "la darara wa la dirar", ba cuta ba cutarwa. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe suna rarrabe cutar da mutum ya zo ya tarar da wadda aka ƙirƙiro masa yana zaune. Wanda ya gina gida kusa da maƙera bai da bakin korar maƙeri. Wanda yake zaune aka zo aka kafa masa maƙera a jikin ɗaki, wannan yana da magana. Filin Kano tun 1936 yake aiki, unguwanni da yawa su suka je suka same shi. Don haka Yaya, wato Gwaggonku, tana da gaskiya a nata. Mutanen Phoenix kuwa jirgi ne ya je ya same su.

Gwaggo: Ni ƙara ba ta dame ni ba, Malam. Abin da ba na mantawa shi ne Gwammaja. Tun daga ranar, duk jirgin da ya yi ƙasa-ƙasa sai na yi salati. Me ya sa ba za a hana su bi ta kan gari ba gaba ɗaya?

Kawu: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ranar 4 ga Mayu, 2002 ke nan, jirgin kamfanin EAS ya faɗi a unguwar Gwammaja jim kaɗan da tashinsa, fiye da mutum 100 na ciki da na ƙasa. Amma Yaya, ba zaɓin matuƙi ba ne. Jirgi iska yake fuskanta wajen tashi da sauka. Titin jirgin filin Kano daga arewa maso gabas ya miƙe zuwa kudu maso yamma. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take, da damina daga kudu maso yamma, don haka ko wajen sauka ko wajen tashi sai ya ratsa gari. 'Yan mil-mil ɗin da ke dab da titin jirgi ba mai iya tanƙwara su. Gardamar yaran nan a kan abin da ke gaba da wannan ne, inda jirgi ya yi sama yana da zaɓin kwana.

Auta: To a wannan zaɓin, me zai hana a yi karɓa-karɓa? Tunda kwamfuta na iya bin layi ɗaya daidai, ai za ta iya bin uku, yau wannan gobe wancan.

Yaya Babba: Heathrow na yin irinsa a titunansa biyu. Idan jirage na saukowa ta saman Landan, ƙarfe uku na rana ake musanya titin sauka da na tashi, kowane ɓangare ya samu hutun rabin yini. Frankfurt kuwa bayan buɗe sabon titi a 2011 an hana tashi da sauka daga 11 na dare zuwa 5 na asuba, duk da haka mutanen garuruwan kewaye sun yi shekaru suna zanga-zanga a cikin filin kowace Litinin.

Kawu: Ka ga ko an ba su ba sa godewa. Kuma kowane layi da ka ƙara aiki ne ka ƙara wa mai hasumiya, kuma sabuwar unguwa ce ka jawo cikin ƙara, wadda ita ma bisa fatawar Malam tana da magana. Amma bari in tambaye ku abin da kuka tsallake. Da kotu ta sa aka mayar da hanya, ƙarar ɓacewa ta yi? Komawa ta yi kan waɗanda suke sha tun farko. Unguwar da ke da lauyoyi da ƙungiya da 'yan jarida ita ke ture jirgi, wadda ba ta da su ta karɓa. In dai za a bar taswira a hannun mai ƙarfin murya, gara a bar ta a hannun injiniya.

Anti Likita: Injiniyan ma ba daga sama ya faɗo ba, Kawu, ofis gare shi, kuma kamfanonin jirage sun san ƙofar ofishin. Ragin man da ka ambata aljihunsu yake shiga. Ni abin da nake nema bai kai a hana jirgi tashi ba: a buga taswirar kafin a fara aiki da ita, a faɗi jirgi nawa zai wuce kowace unguwa a awa da tsayinsa, a ƙirga makarantu da asibitocin da ke ƙarƙashin layin, masu lauya da marasa lauya su gani lokaci guda.

Kawu: A buga, ban hana ba. Amma ranar da za a zauna, kowace unguwa layin maƙwabciyarta za ta nuna, kuma dole wani ya sa hannu. Ni layi ɗaya zan sa wa hannu, a biya waɗanda ke ƙarƙashinsa diyya, a gyara musu tagogi.

Gwaggo: Wace taga? Mu da zafi a tsakar gida muke kwana.